Ma'aunin lantarki ko DXA wajen auna jikin matasa?

Abin da ake nema shi ne nauyin matashi in an cire kitse. Ma'aunin lantarki na tura lantarki mai rauni ta jiki, ruwa ya bar shi ya wuce kitse ya tare shi, sai a haɗa da tsayi a lissafa. Ga araha ga sauri, amma fa in yaro ya yi gumi sosai sakamakon zai karkace, kuma lissafin manya na cewa ruwa ne kashi 73 cikin ɗari na nauyin da ba kitse bai dace da masu tasowa ba, nasu ya ɗan fi haka. DXA, wato na'urar da ke haska jiki da X-ray mai rauni, ta fi daidai, har ƙashi take warewa, sai dai tsada. In yaran da yawa ne ni na lantarkin zan ɗauka, muddin lissafin na shekarunsu ne.