Shagon ɗinkin da na kai ƙanena a Agege: abin yabo da abin ƙorafi

'Yan kasuwarmu ta Mile 12 sun dame ni da tambayar inda na kai ƙanena koyon ɗinki, musamman masu yara zaune a ɗaki tun da aka hana acaba. Na gaji da maimaita amsa a bakin rumfa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Shagon yana Agege, ta bayan layin dogo, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga gadar sama ta Pen Cinema. Ba zan kama sunansa ko na mai shi ba, don akwai inda zan yaba, akwai inda zan yi ƙorafi, kuma bawan Allahn bai san ina wannan rubutu ba. Mai buƙata ya same ni a layin 'yan albasa in yi masa kwatance.

In ɗinki kawai kake so, ka kawo yau ka karɓa jibi, akwai teloli da yawa a Agege da suka fi shi sauri. In kuwa yaro kake so a riƙe maka har ya tsaya da ƙafarsa, ni dai ban ga kamarsa ba a Legas.

Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta hana acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island. Da Satumba ta zo aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Ƙanena a Ikeja yake aiki, kuma babur ɗin na bashi ne, yana biya kaɗan-kaɗan, saura ƙiris ya gama aka kama shi. Kowa ya san babur ɗin da aka kama a lokacin murƙushe shi ake yi. Ba babur, ga bashi a wuya. Yaron da ke cika mana ɗaki da surutu ya koma sai ka kira sunansa ka sake kira kafin ya ɗago. Inna daga Funtuwa ta ce in turo shi gida, shi kuma ya ce da wane ido zai kalli mutanen gida hannu Rabbana. Na gwada shi a rumfata abin bai yi ba, don wa da ƙane a rumfa ɗaya kowace maganar ciniki sai ta rikiɗe ta zama ta gida. Wani abokina mai sayar da tattasai ne ya nuna mini wannan tela.

Wurin ba wani babba ba ne. Kekunan ƙafa Butterfly ne a jere ta bakin ƙofa don masu koyo, daga ciki kekunan wuta Juki guda biyu da injin wibin, sai teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin. Maigidan haifaffen Agege ne, fataucin goro ne ya kawo kakansa tun zamanin da jirgin ƙasa ke jigilar goro zuwa Kano. Yarbanci a bakinsa ba ka cewa Bahaushe ne, shi ya sa rabin masu kawo masa aiki Yarbawa ne. Babbar riga da kaftani da jamfa a rataye gefe guda, agbada da buba a ɗaya gefen. Yaransa "Baba" suke ce masa, har wani Bayarabe da ke cikinsu.

Ranar da muka je, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, ka ɗan ba mu wuri, ina son in ji ta bakinsa." Na fita na zauna a benci. Daga baya ƙanena ya gaya mini abin da ya tambaye shi: kai kake son ɗinkin ko yayanka ne yake so? Nawa ne ya rage na bashin? Ka karya yau? Da aka kira ni sai ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango ya rubuta komai a gabanmu. Kuɗin koyo kaza, shekara uku, kuɗin abinci kullum, lokacin da yaro zai fara karɓar ladan kowane ɗinki da ya yi, da abin da zai fita da shi ranar sallama, wato keken ƙafa ɗaya da almakashi da dutsen guga. Mu uku muka sa hannu, aka kira maƙwabcinsa mai shayi ya shaida.

Wannan littafin shi ya fara saye ni, kuma zan faɗi dalili. Ni ma yaron wani na yi kafin in sami rumfa, na san yadda namu tsarin yake. Komai a baki ne, "in Allah ya yarda zan sallame ka", ba rana ba wata. In ka dace da ubangida mai tsoron Allah ka dace, in ba ka dace ba sai ka yi furfura kana ɗaukar masa buhu. Je ka kasuwar Alaba ko ta Ladipo ka ga Inyamurai, yaro ya san shekarun da zai yi, ya kuma san a ƙarshe za a ba shi jari ya buɗe nasa. Su kuma Yarbawa masu sana'ar hannu suna da bikin yaye almajiri, a tara dangi, a yi addu'a, a ba yaro takardar shaida. Kowannensu yana da nasa cutar, ana samun ubangidan da ke ƙirƙiro wa yaro laifi ana gab da sallama, wani bikin yayen kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yaron da za a yaye. Amma ko ba komai akwai wa'adi. Wannan tela ya ɗauko wa'adi da rubutu daga maƙwabta, ya bar tsadar bikin, ya riƙe namu na cin abinci kwano ɗaya da yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a idona ya faru. Na leƙa da yamma, ƙanena ya ɗan fara yanka a lokacin, aka ba shi shaddar wani ango, gezna mai ruwan sararin samaniya, ya yanka wando. Ya ɗauko awon wani daban ya bi, ƙafar wandon ta gaza da kusan taƙi guda. Shagon ya yi tsit, kekuna duk suka tsaya. Na ga hannun yaron yana rawa, almakashin na ƙoƙarin faɗuwa. Ni kaina na fara lissafin kuɗin yadin a zuci, ina jiran mari ko aƙalla a zage shi tas a gaban mutane, don haka muka saba gani.

Baba ya zo ya shimfiɗa yadin a tebur, ya sa tef ya auna, ya sake aunawa. Ya ce wa sauran, "Ku ci gaba da aikinku." Sannan ya ce wa ƙanena, "Zo nan, nuna mini takardar da ka bi." Da ya gani sai ya juya ya tambayi babban yaron shago wa ya haɗa takardun awo biyu a leda ɗaya. Ashe laifin na mutum biyu ne. Bai wanke ƙanena ba. Ya ce masa, "Sunan mai kaya yana saman takarda, ba ka karanta ba. Daga yau kafin ka sa almakashi sai ka kira sunan da ƙarfi na ji." Ya ɗauki waya a gabansu ya kira angon, bai ce yaro ne ya ɓata ba, cewa ya yi "mun yi kuskure a shago, zan sayo wani yadin, ranar da na yi maka alƙawari tana nan." Kuɗin yadin ya raba uku, ya ɗauki kashi biyu, kashi ɗaya ya rubuta a kan yaran biyu, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga ladansu. Wandon da ya gaza kuma ya miƙa wa ƙanena ya ce ya mai da shi na ƙaramin yaro, da kalmasa da aljihu da komai, ya kawo masa ya gani. Washegari shi ya sake ba wa sabon yadin ya yanka. Ni a ganina nan ne gwanintar take, don da ya ƙwace almakashin daga hannunsa a ranar, da wuya yaron ya ƙara yarda da kansa.

Duk Juma'a bayan la'asar suna rufe ƙofa rabi, a kawo shayi da burodin Agege, kowa ya fito da ɗinkinsa mafi kyau na makon da kuma mafi muni. Shi ma Baba yana fito da nasa, na taɓa ganin ƙaramin cikinsu ya nuna masa inda wuyan kaftani ya karkace, ya yi dariya ya ce a miƙo masa reza ya farke. A zaman ne ake buɗe littafi kowa ya ga asusunsa, don daga kowane lada yana cire wani abu ya ajiye wa yaro. Da wannan asusun aka kashe bashin babur, kuma da ƙafarsa ya raka ƙanena wurin mai babur ɗin suka daidaita yadda za a biya, abin da ni yayansa na yi ta kai ruwa rana a kai ban samu ba. Yana kuma tambayar kowane yaro yaushe rabonsa da kiran gida. Inna yanzu in ta kira ni sai ta ce in gaishe mata da "uban ɗakin auta".

Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a Legas cikin 'yan kwanaki, teloli da yawa kan yara suka huce, aka zaftare kuɗin abinci. Shi tara su ya yi ya nuna musu abin da janareta ke ci a mako, ya ce su kawo shawara. Suka tsayar cewa in an ɗauke wuta da rana kowa ya koma keken ƙafa, a dawo da dutsen guga na gawayi, janareta sai da dare in aiki ya matse. Kuɗin ɗinki ya ƙara wa masu kaya, na abincin yara bai taɓa ba.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ba ƙarami ba ne. Alƙawarinsa na sallah bai fi na sauran teloli ba. Ba ya yarda yara su kwana a kan keke, ƙarfe goma sha biyu na dare yake korar kowa, kuma duk ɗinkin da bai yi masa ba sai an farke. Hali ne mai kyau, amma sai ya haɗa shi da rashin iya cewa a'a ga tsofaffin abokan cinikinsa, yana ta karɓar yadi har azumi ya raba. Sakamakon haka ni da nake ganin ɗan gida ne na je Idin ƙaramar sallah da tsohon kaftani, sabon sai washegari. Ya ba ni haƙuri, ya rage mini kuɗi, amma sallah ta riga ta wuce.

Na biyu, haƙurinsa wani lokaci yana wuce gona da iri. Akwai wani yaro ɗan abokinsa da ke zuwa sanda ya ga dama, ya tafi sanda ya ga dama, Baba sai nasiha yake ta yi masa a keɓe. Sauran suna gani, su ke ɗaukar aikinsa, kuma na ji gunaguninsu da kunnena. Tausayin mutum ɗaya da ya zama nauyi a kan mutum shida, a wurina ya fita daga adalci, kuma na gaya masa haka. Ya ce yaron maraicin uwa ke damunsa, yana ba shi lokaci. Na ji, amma ban gamsu ba.

Sai ƙananan abubuwa. Ba shi da injin aikin wuya na kwamfuta, waje yake kaiwa a yi masa, don haka yaro zai gama shekara ukunsa bai taɓa wannan injin ba, alhali yanzu nan kuɗin yake. Ba a ɗinkin mata. Shagon da zafi in rana ta take, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma sai ka naɗe wando kafin ka kai ƙofar. Tallan waya ma bai dame shi ba, yaran ne ke ɗaukar hoton ɗinki su sa a WhatsApp, ta nan ƙanena ya sami masu kawo masa aikin kansa, kuma Baba ya ƙyale shi yana yi a keken shago bayan an tashi, zare kawai yake saye.

Ɗinkin kansa ba abin kushewa. Kafaɗa tana zama daidai, aljihu ba ya buɗe baki, yana sa gam mai kyau a wuya da hannu, an sha wanke nawa bai kumbura ba. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na layin, bai kai na telolin Ikeja ba. Kuɗin koyo kuma ya bar ni na biya kashi-kashi, bai taɓa aiko mini da yaro karɓa ba.

Ƙanena yanzu shi ke yanka yawancin kaftanin shagon, kuma an ba shi sabon yaro yana koya masa. Mai son kai nasa ya sani ba ya ɗaukar fiye da adadin kekunansa, sai wani ya fita wani ke shiga, don haka a je da wuri a sa suna. A je da yaron kansa, don sai ya gana da shi shi kaɗai kafin ya amsa, kuma na san wanda ya mayar saboda yaron ya ce shi gyaran waya yake so. Daga Oshodi ko Mushin jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege, ya fi danfo sauƙi da safe. Masu ɗinkin sallah kuma su kai yadinsu tun Sha'aban bai ƙare ba, in sun ba da kafin alƙalami su ce a rubuta musu ranar karɓa a rasit.