Spitfire Mk.I na Tamiya a ma'aunin 1/48: haɗawa ba wuya, aikin yana wajen fenti

Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da wannan samfurin roba na jirgin yaƙin Spitfire, mai lamba 61119, a ƙarshen 2018, domin ya gaji tsohon Spitfire ɗinsa na farkon shekarun 1990. Ba tsohon aka yi wa kwaskwarima ba, sabon zubi ne tun daga hanci har wutsiya. Ma'aunin 1/48 na nufin kowane santimita 1 a jikin samfurin yana wakiltar santimita 48 na jirgin gaske. Faɗin fukafukan ainihin jirgin mita 11.23 ne, saboda haka samfurin yana fitowa da faɗin kusan santimita 23.5, tsawonsa kuma kusan 19. Girma ne da ido zai ga kayan cikin ɗakin matuƙi ba tare da gilashin ƙara girma ba, kuma ba zai cinye wurin ajiya ba.

Shi jirgin, R.J. Mitchell ne ya zana shi, ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, ya shiga aikin rundunar sojin saman Birtaniya a 1938 ta hannun runduna ta 19 da ke Duxford. Mk.I shi ne zubin farko, mai injin Merlin na Rolls-Royce da bindigogin Browning guda 8, huɗu a kowane fiffike, kuma shi ya yi gumurzun sararin samaniyar Birtaniya a 1940. Kwalin ya ba da zaɓin jirage 3: mai alamar FZ-L na runduna ta 65 kafin ɓarkewar yaƙi, da N3200 na runduna ta 19 lokacin kwashe sojoji daga Dunkirk a Faransa a 1940, sai DW-K na runduna ta 610. N3200 ya fi sauran sauƙin bincike. An tilasta masa sauka a gaɓar teku kusa da Kale a Faransa cikin Mayun 1940, yashi ya binne shi, aka tono shi a 1986, aka sake gina shi har ya tashi a 2014, don haka hotunansa suna da yawa. Sai dai a tuna jirgin da aka sake ginawa ya fi na fagen daga tsabta nesa ba kusa ba.

A cikin kwalin akwai sassan roba masu ruwan toka, da sassan gilashi, da ɗan faifan ƙarfe siriri mai ɗauke da bel ɗin kujera da ragar lagireto, da takardar alamomi masu jiƙawa, waɗanda ake jiƙawa da ruwa a manna a jikin samfurin, da takardar rufe gilashi lokacin fenti, da mutum-mutumin matuƙi a zaune. Layukan da ke raba faifan jikin jirgin sirara ne kuma zurfinsu ɗaya ko'ina. Babu inji a ciki, murfin hancin rufe yake zuwa. Wanda ke son buɗaɗɗen inji sai ya nemi sassan ƙari daga wasu kamfanoni, ya kuma shirya yin yanka.

Daga ɗakin matuƙi ake farawa, kuma nan ne ake fara ganin halin samfurin: sassan suna shiga juna ɗam, ba su bar wurin fenti ba. Kaurin fenti a kan harshen da zai shiga rami ya isa ya hana ɓangarorin jiki biyu rufuwa, sai a ga tsaga a bayan kujera, a ɗauka laifin kamfani ne. Maganin shi ne a kankare fenti daga duk inda roba za ta taɓa roba da bayan reza, a gwada haɗawa ba gam, sannan a sa gam. Akwai dalili na biyu: gam irin Extra Thin ba manne abu yake yi ba, narka fuskar robar yake ta haɗe da 'yar'uwarta, kuma ba ya aiki ta kan fenti. Ana riƙe sassan a haɗe, a taɓa bakin burushin a kan tsagar, gam ɗin ya bi ta da kansa. Idan yatsa na kan tsagar a lokacin, gam zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a jikin jirgin, kuma sai sanfefa ce za ta fid da shi.

Launin cikin ɗakin kore ne mai hasken toka, fentin Tamiya mai lamba XF-71 yana kusa da shi. Allon agogo baƙi ne, amma baƙi ƙirin yana kashe komai a wannan girma, gara a karya shi da ɗigon toka. Bayan an manna alamar agogunan, a ɗiga fenti mai sheƙi marar launi a idon kowanne da tsinken sakace, zai ba da kamar gilashi. Bel ɗin ƙarfen da aka bayar yana da kyau amma yana da taurin kai, yakan tsaya a sandare maimakon ya kwanta kamar yadi. A lanƙwasa shi a jikin kujerar tukuna, a cire, a yi masa firama, wato fentin shimfiɗa na farko, da fenti, sannan a manna da sufa gulu kaɗan. Idan aka yi fenti kafin lanƙwasawa, fentin zai ɓare a kowace kwana.

Kafin a rufe jiki dole a yanke shawara: murfin gilashi a buɗe ko a rufe. Tamiya ta yi sassan gefen ɗakin iri biyu, ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa, domin murfin da aka zuge baya ya zauna a kan jiki daidai maimakon ya yi tsaye a sama kamar hular da ta yi wa kai kaɗan. Dabara ce mai kyau, amma babu komawa baya in an manna. Ra'ayina a buɗe shi, tunda an sha wahalar cikin.

Haɗin jiki da fukafukai ba ya buƙatar dogon bayani. Idan an tsabtace wurin da aka yanke kowane sashi daga sandar robar da ya zo a manne da ita, ba za a buƙaci foti na cike tsaga ba sai ɗan kaɗan ko babu. A yanke da almakashin roba nesa da sashin da kamar milimita 1, a ƙarasa da reza, a goge da sanfefa mai lamba 600 sannan 1000. Layin haɗin da ke saman hanci da bayan ɗakin matuƙi shi ne mai yaudara. Roba da ta sha gam tana ci gaba da motsewa na kwanaki, sai layin da aka goge ya ɓace ya sake bayyana bayan an gama fenti. A bar shi kwana 2 ko 3 kafin gogewa, a fesa firama siriri a duba shi a gaban fitila. Lagireto yana ƙarƙashin fiffiken dama, mai sanyaya mai kuma a hagu. A yi wa cikinsu fenti kafin a rufe su, don feshi ba ya kaiwa ciki daga baya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙafafun sauka. Ƙafafun Spitfire suna kusa da juna, sun karkata gaba, kuma kuskuren digiri kaɗan yana sa jirgin ya tsaya a karkace. Nan an zuba ƙafafun biyu a sashi ɗaya, sanda ta haɗa su, a cusa ta a ƙarƙashin ciki a rufe da faifai. Kusurwar ta fito daidai ko mai haɗawa bai auna komai ba, kuma tana da ƙarfi. A samfurin kamfanin Airfix na 2015 kowace ƙafa daban ake manna ta a wani ɗan ƙaramin mahaɗi, kuma masu haɗa shi sun daɗe suna kuka da wurin.

Takardar rufe gilashin ita ce ta ɗan rage armashi. An buga zanen a kai amma ba a yanka ba, mai aiki ne zai bi layi da reza. A sa sabuwar reza, a yanka a kan abu mai tauri, a danne gefuna da tsinke. Kafin launin waje a fara fesa koren ciki a kan firam ɗin, don shi za a hango ta cikin gilashi. Kada sufa gulu ya kusanci sassan gilashi, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya goguwa. Farin gam na katako ya wadatar.

Yanzu ga inda aikin yake. Saman jirgin launi biyu ne, ruwan ƙasa da kore mai duhu. Ƙasansa ya danganta da lokaci. A watannin da suka gabaci Yunin 1940 fiffiken hagu baƙi ne, na dama fari, domin masu lura daga ƙasa su gane nasu. Daga Yuni aka koma wani launi mai haske tsakanin kore da shuɗi. Wato N3200 baƙi da fari ne, DW-K kuma wannan launin mai haske, XF-21, zai sha. Zanen saman ma iri biyu ne, ɗaya kishiyar ɗaya kamar a madubi, don haka a bi na jirgin da aka zaɓa, kada a kwafo daga hoton wani Spitfire.

A wanke samfurin da ruwan sabulu saboda maiƙon hannu, a fesa firama, sannan a fara da launi mafi haske. Fentin Tamiya na kwalba yana son kashi 1 na fenti da kashi 2 na tina X-20A, wato ruwan tsinka fenti, ƙarfin iska psi 15 zuwa 18, bakin abin feshi milimita 0.3, tazara kamar santimita 8 zuwa 10. Idan fuskar ta fito da kaushi kamar yashi, fentin ya bushe a iska ne kafin ya sauka: ko tazara ta yi yawa, ko iska ta yi ƙarfi, ko tina ta yi kaɗan. Wannan ya fi faruwa a kwanar da fiffike ya haɗu da jiki, inda iska ke juyawa. Idan kuma fentin yana gudu yana yin ƙafafu, an matso da yawa ko an tsaya wuri ɗaya. Fari ba ya rufe toka a shafi ɗaya, yana son shafi 3 ko 4 sirara. A yi shi kafin baƙi, ya kwana, sannan a rufe shi da tef.

XF-52 na ruwan ƙasa yana ɗan ja, ɗigon rawaya yana gyara shi. XF-81 ya dace da koren. Iyakar launukan biyu a jiragen 1940 ba ta bazu sosai ba, in aka rage ta sau 48 kusan layi ce mai kaifi. Feshin hannu sake yana ba da iyaka mai faɗin da ya wuce kima. Hanyar da ta fi ita ce a ƙara girman zanen takardar umarni da na'urar kwafi har faɗin fiffike ya kai santimita 23.5, a yanke siffofin, a ɗora su kan ƙananan dunƙulen Blu-Tack, wani abu mai danƙo kamar cingam, su ɗaga kamar milimita 1, a fesa daga sama kai tsaye. In aka karkata hannu fenti zai shiga ƙarƙashin takardar. Tef kuwa a fara manna shi a bayan hannu sau biyu ƙarfinsa ya ragu, a cire shi a hankali yana kwance, in ba haka ba ya taho da fenti.

Alamomin jiƙawa su ne raunin kwalin. Launinsu daidai ne, bugun ma tsaf, amma suna da kauri, kuma da'irar tambarin Birtaniya ta saman fiffiken jiragen 1940, mai faɗin kusan santimita 3, tana sauka kan layuka da ƙusumbi. Dole fuskar ta zama mai sheƙi tukuna, shafi 2 na X-22, fenti mai sheƙi marar launi, a bar shi awa 24. A kan fenti marar sheƙi iska tana maƙalewa ƙarƙashin alamar, gefenta ya yi fari kamar azurfa. A jiƙa da ruwan ɗumi sosai, ba mai sanyi ba, daƙiƙa 10 zuwa 15, a zame ta wurinta, a matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe, sannan a shafa ruwan laushi irin Mark Fit ko Micro Sol. Za ta yamutse, kada a taɓa ta, da kanta za ta miƙe. Washegari a bi layukan da ke ƙarƙashinta da reza a sake shafawa. Wanda ya saba da feshi gara ya fesa da'irorin da haruffan ta takardar rufi da ake sayarwa daban, sakamakon ya fi.

Wajen tsufar da jirgin a riƙe hannu. Ruwan duhu mai bin layuka, irin Panel Line Accent Color, ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi dacewa, kuma sai a kan sheƙi ake sa shi, a goge rarar bayan minti 15. Tinarsa tana cin roba, in ta taru a mahaɗin ƙafa ko eriya takan karya su. Ƙujewar fenti ta fi yawa a gindin fiffiken hagu, inda matuƙi ke takawa ya shiga, fensirin azurfa ya isa. Kada a yi ƙujewar ƙarfe a kan abin juya wutsiya da faifan motsi na fukafukai, domin a Mk.I yadi aka lulluɓa musu. Hayaƙin salansa yana bin gefen jiki ya ɗan lanƙwasa ƙasa bisa iskar fiffike. Bakin bindigogi akan rufe shi da jan ƙyalle don ƙura da sanyi, jirgin da ya yi harbi ƙyallensa a huje yake. Bakin farfela rawaya inci 4 ne, wato milimita 2 a nan. A rufe komai da shafi siriri na XF-86, fenti marar launi marar sheƙi, sannan a cire rufin gilashi, eriya da wayarta su zo ƙarshe.

Wa ya kamata ya saya? Eduard, wani kamfanin samfura, ta fitar da nata Mk.I a 2020, mai ɗauke da ƙusoshin jiki ɗaya bayan ɗaya da zaɓin sassa masu yawa, kuma ta fi wannan cikar bayani, amma tana son hannun da ya goge. Na Tamiya ya fi dacewa da wanda ya haɗa samfuri ɗaya ko biyu yana son ya koyi fenti ba tare da ya ƙare ƙarfinsa wajen cike tsaga ba, da kuma gwani mai son jirgin da zai tsaya daidai a kan ƙafafunsa. Duk wanda zai saye shi ya haɗa da takardar rufe gilashi yankakkiya da kwalbar ruwan laushin alamomi, don su biyun ba sa cikin kwalin kuma za a neme su.