Tayil ko sake filasta: amsa ga ɗan uwanmu na Mile 12 da bangonsa ke jiƙewa

Salam jama'a. Jiya da daddare wani ɗan uwa ya turo hotuna ya yi tambaya, na ga kowa ya jefa tasa a gurguje, wannan ya ce tayil wancan ya ce siminti, toh bari in zauna in warware masa a tsanake tunda duk biyun na yi su da kuɗina kuma na ga inda kowanne ya kai ni. Ga wanda bai gani ba, cewa ya yi ya kama ɗaki da falo a ƙasan wani bene wajen Mile 12 a nan Legas, tun da damina ta kankama gindin bango ya jiƙe har ya wuce gwiwa, fenti yana kumbura yana zubowa, bayan sif kuma baƙar funfuna ta mamaye har ta hau kayan uwargida. Mai tayil ya ce a manna tayil zuwa rabin bango shikenan an huta, birkila kuma ya ce a'a, a sassaƙe filastar a sake da siminti mai maganin ruwa. Wanne zai yi?

Malam da farko dai sannu, Allah ya mayar da alheri. Abin da ke cutar mu mutanen arewa a garin nan shi ne da idon gida muke kallon bango. A Kano ko Katsina bango ya sha ruwan Agusta, kana shiga Nuwamba iskar hunturu ta busar da shi ƙayau, ka shafa fenti ka manta. Legas ba haka take ba. Ruwan da ke sauka nan a shekara ya haura milimita 1,500, yana farawa tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Laimar da ke cikin iska kuwa da damina tana wuce kashi 80 cikin 100, shi ya sa kake shanya riga kwana biyu tana nan da sanyi-sanyinta. Bangon da ya jiƙe a nan ba shi da ranar bushewa sai in ka yanke masa ruwan. Ga shi wajen naku ma ƙasa ce mai ruwa kusa, ga kogin Ogun a gefe, duk shekarar da aka saki ruwan dam ɗin Oyan mutanen Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san abin da ake ciki. Wanda ke zaune a tudun Agege ba zai gane wannan magana sosai ba.

Kafin ka ba kowa ko sisi, nemi leda fara mai ɗan kauri ka yanko kamar faɗin faranti, ka manna a wurin da ya jiƙe, ka bi gefunan huɗun da salatif kada iska ta shiga, ka bar ta kwana biyu. In ka ga raɓa ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. In kuma ta fuskar ɗaki ta taru, toh iskar ɗakin ce ke yin gumi a kan bango, kuma wannan ba tayil ba filasta, iska ɗakin ke nema. Sannan ka zagaya bayan bangon ka duba da idonka, bandakin maƙwabci ne a jikinsa ko bututun da ke sauko da ruwan bene, ko kwata ce ta toshe. Daga hotonka dai ni ruwan da ke hawowa daga ƙasa na gani, saboda layin jiƙar ya tafi a miƙe kusan tsayi ɗaya a bangon duka, ga kuma farin gari kamar kanwa a bakinsa. Ruwan da bulo ke tsotsa daga ƙasa haka yake, da wuya ya wuce mita 1 da ɗan wani abu. In da daga sama ko tsakiyar bango tabon ya faro da sai mu ce kwano ko fayif.

Toh bari mu ɗauki tayil. Wallahi ranar da aka gama manna shi sai ka ji kamar ka yi sabon gida, kwana biyu an gama, ba ƙura sosai, iyali ba sai sun tashi ba, ka goge da tsumma ya yi ƙyalli. Ni na yi shi a ɗakin da na taɓa zama a Idi-Araba, na manna har ƙugu, na ma riƙa yi wa abokai alfahari. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu sai na ga wani layi ruwan ƙasa-ƙasa ya fito daidai saman tayil ɗin, kamar an ja shi da alli, fentin wurin ya fara yin ƙuraje. Ashe ruwan bai je ko'ina ba. Da can yana hawowa ne yana fita ta fuskar bango iska tana kwashewa, da na toshe masa ƙofa da tayil sai ya ci gaba da hawa yana neman inda zai fita, ya samu a sama. Wato jiƙar da ke gwiwa ni da kuɗina na kai ta ƙirji. Ana nan kuma in ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da ɗan makulli sai ka ji wasu suna amsawa kamar ganga, gishirin da ruwan ke ɗaukowa ya taru a baya ya raba su da bango. Wata rana da asuba ina alwala biyu suka faɗo da kansu, bayansu baƙi ƙirin, wani wari kamar an buɗe tsohuwar rijiya, har da kyankyasai sun yi gida a ciki. Babbar rigata ta sallah da ke rataye a ƙusa saman wurin kuwa, shadda ce mai kyau, sai da ta yi ɗigo-ɗigon da wanki bai fitar ba.

Ba wai tayil ba shi da wurinsa ba fa. Inda ruwan daga cikin ɗaki yake zuwa ya fantsama a bango, bandaki, kicin, wurin alwala a masallaci, nan babu kamarsa, don aikinsa kenan ya hana ruwan gaba shiga. Ruwan da ke tahowa ta baya ne ba ya iyawa.

Sake filasta kuma wahala ce, wannan kada wani ya ɓoye maka. Za a fitar da kaya, a sa guduma a sassaƙe tsohuwar filasta har a ga bulo, kuma ba daidai layin jiƙa za a tsaya ba, a ƙara kamar santimita 30 sama da shi don gishirin ya riga ya wuce inda ido ke gani. Ƙura har cikin tukunyar miya. Sai a goge bulon da buroshin waya a bar shi a buɗe ya sha iska, a nan ne ake faɗa da birkiloli domin shi so yake ya fasa da safe ya shafe da yamma ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani aikin, kai kuma in ka yarda ka rufe ruwa a ciki kenan. A bar shi makonni, taga a buɗe, fanka tana kaɗawa. In an zo shafe, kwaɓin ya zama mai ƙarfi, kwanon sarki 1 na siminti a 3 na yashi, a zuba maganin ruwan yadda aka rubuta a jikin ledarsa ko galan ɗinsa, ba yadda lebura ya ga dama ba. Yashin ma ka sa ido, yawancin yashin garin nan daga cikin ruwa ake haƙo shi, in mai zartsi ne ba a wanke ba ka sayo gishiri da kuɗinka ka shafa a bango, wata uku farin garin nan ya dawo. Kada kuma filastar ta sauka ta haɗe da daɓe, a bar ɗan tsaga kamar yatsa a ƙasa wanda za a rufe da sikatin, wato siririn tayil ko katakon da ake bin gindin bango da shi, don in ta taɓa ƙasa ita ma tsotsa za ta yi. Bayan an shafe a riƙa yayyafa ruwa kwana 7, sannan a haƙura da fenti sai kamar sati 4, kuma fentin ruwa za a sa ba fentin mai ba. Fentin mai ƙanin tayil ne, rufe bango yake ya hana shi numfashi, sai ka ga ya yi bororo kamar ƙunar wuta kana fasawa ruwa na fita.

In ka ajiye su gefe da gefe, tayil ya fi sauri, ya fi tsabta lokacin aiki, ya fi kyau a watannin farko. Filasta ta fi ɓata gida ta fi cin lokaci, kuɗin kuma ya danganta da irin tayil ɗin da aka kwatanta da shi, sau da yawa ba wani nisa ne tsakaninsu ba in ka lissafa siminti da hannun ma'aikaci. Amma filasta tana cire ruɓaɓɓen da ke ɗauke da gishiri da funfuna ta fitar waje, tayil kuwa a kansa ake ɗora shi. Kuma in matsalar ta dawo, a filasta za ka gani da wuri, a tayil sai ta yi nisa. Don haka in dole sai ɗaya, ni filasta zan ce.

Sai dai gaskiya ita ma filastar ba ta kashe maganar ita kaɗai, don ita ma siminti mai ƙarfi ne, in ruwan na nan yana hawowa wata rana zai leƙo ta samanta, jinkiri ne kawai ya fi na tayil. Asalin ciwon yana wajen gini. Ginin kirki a ƙasa irin wannan ana shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasan gini, a kuma sa abin tare ruwa a layin bulo, wanda magina ke ce wa DPC, ya zama ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Gidajen haya da yawa ko dai ba a sa ba, ko an sa amma daga baya an yi ta ciko a tsakar gida ana gudun ambaliya, titi ma an ɗaga, har ƙasar waje ta haye saman wurin, ɗaki ya koma rami. A gidan da nake yanzu abin da ya yi min magani bai kai rabin kuɗin filastar ba. Kwanon gidan ba shi da indararo ta baya, duk ruwan sama a gindin bango yake zuba ya kwanta. Muka sa indararo da fayif ya kai shi kwata, muka kwashe ƙasar da ta taru a jikin bangon, aka yi daɓen siminti mai gangare kamar taku biyu yana kora ruwa waje, muka yashe kwatar da ledojin fiya wata suka toshe. Sai da aka yi wannan sannan na taɓa cikin ɗaki, kuma damina uku kenan ban ga layin nan ba.

Wani abu da ban ga kowa ya taɓo ba, na hango esi a hoton falon. Masu esi ku ji wannan, in ka ƙure shi a 16 bango ya yi sanyi, iskar waje mai ɗumi da laima tana ratsowa ta tarar da sanyi sai ta zama ruwa, kamar yadda jikin gorar ruwan sanyi ke yi in ka fito da ita daga firji. Mafi muni a haɗa esi da takardar bangon nan mai santsi kamar leda da ake yayi yanzu, ɗaga gefenta a gidajen Lekki da Ajah ka ga abin mamaki a baya. Ka bar shi wajen 24 ko 25, in rimot ɗinka yana da alamar ɗigon ruwa ka riƙa sa shi a nan da damina, wannan laima yake janyewa. Sif da gado kuma a ja su baya da bango kamar faɗin tafin hannu, katifa kada ta kwana a daɓe kai tsaye, kayan wanki kada a shanya a ɗaki a kulle ƙofa a tafi kasuwa. Funfuna kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama abu mai laima.

Wadda ta riga ta fito, a saka safar hannu a rufe hanci, a buɗe tagogi, yara da mai asma su fita, a wanke da ruwan omo sannan a bi da bilic da aka sirka da ruwa. Don Allah a gaya wa uwargida kada ta haɗa bilic da maganin wanke masai wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin da ke tashi guba ne yana shaƙe mutum. Kuma kada a shafa fenti a kan funfuna, ta ƙarƙashi za ta ci gaba ta ɓullo.

Saura maganar da ta fi duka a wurinka, gidan ba naka ba ne. Kada ka fasa bangon mutum ko ka manna masa tayil da baki kawai, ko da kiyateka, wato mai kula da gidan, ya ce ba komai. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora gyaran wajen gida da wuraren da ake tarayya a kan mai gida, ta kuma ce ɗan haya da ya yi gyara da izinin mai gida a rubuce yana iya neman diyya in aka tashe shi. Kalmar a rubuce ɗin nan ita ce kan magana. Ka je masa da hotunan nan, ku yi takarda cewa za a cire kuɗin aikin daga hayar baɗi, ka ajiye rasit na kowane buhu. In ya ƙi, kuma kai ma ba ka da niyyar wuce shekara a gidan, ni ba zan ce ka zuba kuɗinka a ko ɗaya ba, ka yashe kwata ka ja kaya daga bango ka lallaɓa har kuɗinka su ƙare ka nemi ɗaki a sama.

In kuma kun daidaita, aikin waje a yi shi yanzu ko ana ruwa, na ciki a bari sai Disamba ko Janairu lokacin da ɗan hunturun Legas ke leƙowa, a fasa a farkon Disamba a shafe bayan sabuwar shekara. Ka manna ledar nan yau, jibi ka turo mana hotonta, da hoton bayan bangon ta waje har da ƙasan wurin da bakin kwano.