Yadda Na Ga Rigakafin Yara a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Kin tambaye ni ko Turawa ma suna ja da rigakafin yara kamar yadda wasu ke yi a gida. Suna ja, Yaya, wasu ma da ƙarfin gaske.

Tsarin dai a shirye yake tsaf, kuma kyauta ne a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Da an haihu ake miƙa wa uwa wani jan littafi, a ciki ake rubuta nauyin jariri da duk allurar da aka yi masa. Asibitin unguwa ne ke aiko saƙo idan lokaci ya yi: sati 8, sati 12, sati 16, sai kuma shekara ɗaya, da wasu bayan nan. Kin ga ya bambanta da namu na ranar haihuwa da sati 6, 10, 14. Allurar tarin fuka ma ba kowane jariri ake yi wa ba, galibi sai wanda iyayensa ko kakanninsa suka fito daga ƙasar da cutar ta yi yawa, irin 'ya'yanmu ke nan. Wahalar a nan ita ce samun lokacin ganin nas, musamman ga uwa mai aikin dare.

Babu mai ƙwanƙwasa miki ƙofa, kuma doka ba ta tilasta kowa ba. Faransa ta wajabta rigakafi 11 ga yaran da aka haifa daga 2018, Jamus ta wajabta na ƙyanda ga 'yan makaranta a 2020, amma Ingila ta bar wa iyaye wuƙa da nama. Su kuma iyayen nan akwai abin da ke cin zuciyarsu. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike kan yara 12 kacal, ya alaƙanta allurar MMR, wato ta ƙyanda da hangum da rubela, da cutar galahanga (autism). An gano aikin ba na gaskiya ba ne, a 2010 mujallar da ta buga shi ta janye shi, shi kuma aka soke lasisinsa. Amma maganar ta riga ta shiga kunne, har yau tana yawo a WhatsApp. Ƙyanda na buƙatar a yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafi kafin ta rasa hanya, a nan Ingila adadin ya yi ƙasa, sai ga ta ta ɓarke a yankin Birmingham a ƙarshen 2023, yara kwance a asibiti. A 2022 ma an ga ƙwayar shan inna a ruwan magudanun Landan.

Mu Musulmi damuwarmu ta daban ce. Ɗaya daga cikin alluran MMR tana ɗauke da wani sinadari, jelatin, da aka samo daga alade, haka ma rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci. Da na tambayi nas ɗinmu, ba ta ɓata rai ba, ba ta kuma ce mini jahila ba. Ta buɗe firij ta ɗauko kwali biyu, ta zaro takardar ciki, ta ɗora yatsa a kan jerin sinadaran tana nuna mini: MMRVaxPro yana da shi, Priorix ba shi da shi. Ta ce in zaɓa. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa zazzaɓi zai iya biyo baya, da abin da zan yi idan ya zo. A nan take na miƙa mata cinyar yaro.

Wannan ne abin da nake yi wa iyayenmu kwaɗayi, fiye da firij da littafin. Ma'aikatanmu na gida suna ƙoƙari, su ne suka bi lungu-lungu cikin rana har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a 2020. Amma layi ya yi tsawo, ba su da sukunin zama da uwa ɗaya. Uba ya tambaya me ya sa ɗigon shan inna ke zuwa har ƙofa alhali maganin zazzaɓi sai an sha wuya, a ce masa mai taurin kai. Tambayarsa kuwa mai ma'ana ce, kuma idan ma'aikaci bai amsa ba, mai jita-jita zai amsa masa.

Don Allah ki duba katin autarki, ki ga ko an yi mata allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15. In da abin da ya shige miki duhu, ki tsayar da ma'aikaciyar ki tambaye ta har sai kin gamsu. Ki gaida Inna da kowa da kowa.