Meteora, Mistras ko Hosiyos Lukas: wanne za ka zaɓa a Girka?

Wanda ya sauka Atina da niyyar ganin tsoffin coci-cocin Daular Rumawa ta Gabas da ke kan duwatsu, da wuya ya zagaye su duka a zuwa ɗaya. Ƙarfin gwiwarsa da yawan kwanakinsa ne za su yanke masa hukunci.

Meteora ce ta yi suna. Gidajen ibada shida ne ke aiki a can, kowanne a ƙwanƙolin dutse miƙaƙƙe kusa da garin Kalambaka. Kafin a sassaƙa matakala a shekarun 1920, da raga da igiya ake jawo mutum sama. Daga Atina tafiyar ta kai awa huɗu, don haka gara a kwana. Kowane gida da ranar da yake rufewa, sai a bincika tun kafin a tashi. Mace sai da dogon siket, wadda ba ta da shi a ara mata zane a ƙofa. Mai ciwon gwiwa ya nufi gidan Agiyos Istefanos, 'yar gada kawai zai tsallaka. Matsalar wurin cinkoso: coci-cocin ƙanana ne, motocin 'yan yawon buɗe ido kuwa ba sa yankewa.

In ginin da adonsa ne suka kawo ka, ni dai gidan ibadar Hosiyos Lukas zan ce. Yana gefen dutsen Helikon, ba nisa da Delfi, ana iya zuwa a dawo Atina a yini guda. Mai zaman kaɗaicin da ya kafa shi, Lukas, ya rasu a 953, babban cocin kuma na farkon ƙarni na 11 ne. Ɗaga kai za ka ga hotuna da aka haɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, an ɗan karkata su don su kama hasken taga. A ɗakin ƙasa kuma akwai zanen bango. Sai dai motar haya ba abin dogaro ba ce, ka tanadi taka.

Mistras gari ne guda a jikin dutsen Tayigetos, kusa da Sparta. An gina ganuwar da ke ƙolinsa a 1249, garin ya faɗa hannun Daular Usmaniyya a 1460. Coci-coci ne birjik, ciki har da Pantanasa ta 1428, inda mata masu zaman ibada ke zaune har yau. Hawan akwai wuya, duwatsun hanyar ga santsi. Dabara ita ce tasi ta sauke ka a ƙofar sama, ka gangaro, da ruwa a hannu in lokacin zafi ne.

Dutsen Atos kuwa, wani yankin gidajen ibada a arewacin Girka, mata ba sa shiga sam. Namijin ma sai da takardar izini, kuma waɗanda ba Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks ba mutum 10 kacal ake bari a rana, saboda haka sai an nema da watanni.