Sabon kai a jikin tsohuwar rauta: wata uku da NPE-G2

Rautar da muke raba wa kwastomomi intanet da ita, wato na'urar da ke tura bayanai zuwa inda za su, Cisco 7206VXR ce, ta hannu muka saye ta, kuma katin da ke juya ta, NPE-400, ya daɗe yana haki. Da yamma in mutane sun taso daga aiki, sai ka ga firosesa ta cika maƙil, waya kuma ta fara ƙara: "Malam, yau ma intanet ɗin naku tafiyar hawainiya yake." Ba laifin katin ba ne. Gudunsa 350 MHz, iyakar memorinsa 512 MB, alhali teburin hanyoyin intanet na duniya, wanda rauta ke riƙewa a memori, ya haura hanyoyi 512,000 tun 2014.

Kuɗin sabuwar rauta ya fi ƙarfinmu, shi ya sa na nemo katin da zai maye gurbinsa, NPE-G2, shi ma na hannu. Gudunsa 1.67 GHz, yana ɗaukar memori har 2 GB, kuma a ƙa'ida yana tura fakiti, wato ƙunshin bayanai, miliyan 2 a daƙiƙa, inda tsohon ke tsayawa a 400,000. Abin da ya fi burge ni ma ƙofofin gigabit uku da ke jikinsa, ko waya ka sa ko faiba.

Cirewa da sawa ba wani abu ba ne. Katin yana bayan akwatin. Ba a zare shi da wuta a jiki, don haka sai ƙarfe biyu na dare na kashe komai, na ɗaura abin kare lantarkin jiki a hannu, na kwance sukurori biyu na jawo shi. Ƙurar da ta biyo shi kuwa, kai ka ce daga gona aka tono shi.

A nan wahalar ta fara, kuma ni na jawo wa kaina. Na soka wayar konsol, wadda ake haɗa kwamfuta da ita don ba rauta umarni, a sabon katin, allo shiru. Kusan rabin awa ina gumi, ina lissafin yadda zan yi da mai kayan in ya sayar mini da gawa. Ashe muddin tsohon katin I/O, wani kati daban mai tasa ƙofar konsol, yana gaban akwatin, ƙofarsa ce ke magana, ta sabon tana rufe. Ina mayar da wayar can, rubutu ya zubo.

Abubuwa biyu ne suka cece ni, don na yi su tun da rana. Manhajar Cisco da ke tafiyar da rauta, wato IOS, ta tsohon kati ba ta tashi a kan G2, yana da tasa mai farawa da c7200p, kuma na riga na zuba ta a CompactFlash, ɗan katin ajiyar bayanai. Sannan saitin rautar bai biyo ni da kansa ba. Kwafin da na ajiye na loda, na gyara sunayen ƙofofi. Kafin kiran sallar asuba layi ya dawo.

Yanzu ko a lokacin cunkoso firosesa ba ta kai rabi, wayar ƙorafi ta yi sauƙi. Sai dai har gobe firosesar ce ke ɗaukar kowane fakiti, don haka da na ƙara NAT, wato sauya adireshin fakiti, da dogon jerin ƙa'idojin tacewa, nan take na ga ta ɗaga. An kuma daina ƙera jerin 7200 tuntuni, kayan gyara sai a kasuwar na hannu. NPE-400 ɗin ban sayar ba. Na naɗe shi a ledarsa, yana cikin durowa tare da kwafin tsohon saiti.