Ɗakin gwajin jini na sansaninmu, yadda na same shi

Shekara guda na yi ina aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje, kuma sau uku na shiga ɗakin gwajin asibitin sansaninmu, inda ake gwajin ƙanjamau. Wata 'yar kwantena ce a bayan ma'ajiyar magani, ƙofarta ba ta kallon filin fareti. Duk wanda ya zaɓi wurin nan ya san halin soja, don da a gaba take, ba mai leƙa ta.

Malamin jinyar da ke wurin shi ne ƙashin bayan aikin. Lamba yake rubutawa a jikin kwalbar jini maimakon suna, kuma sakamako ba ya bi ta hannun kwamanda. Ranar farko ya zaunar da ni ya ce, "Saje, gwajin yau ba zai nuna abin da ya faru makon jiya ba." A bakinsa na fara jin cewa ƙanjamau kan iya ɓoye wa gwaji har wata uku. Ya kuma nuna mini maganin gaggawa na kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP, wanda dole a fara sha cikin awa 72 bayan abin da ake tsoron ya jawo kamuwa, a yi kwana 28 ana sha. Na san wani kofur da ya je a kwana na biyu, jikinsa na rawa. Ba a yi masa faɗa ba, aka ba shi.

Inda suka gaza, gaskiya ya dame ni. Ƙuduri na 1308 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a 2000 ya nemi a wayar wa sojojin wanzar da zaman lafiya kai kan ƙanjamau, mu kuwa laccarmu ta koma ƙanjamau kaɗai. Ciwon hanta nau'in B fa, wanda ya fi shi saurin yaɗuwa ta jima'i? Allurarsa uku ce cikin wata shida, amma ta ukun sai da na yi wata biyu ina zarya ana cewa ba ta iso ba. Ba wanda ya gaya wa yaranmu cewa kwaroron roba ba ya rufe duk fatar da ƙurajen al'aura ke fitowa, ko cewa namiji na iya kai wa matarsa ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa alhali shi lafiyarsa ƙalau.

Ga kuma rufewa da ƙarfe huɗu na yamma, Lahadi ba a buɗewa sam. Mutumin da awa 72 ke ƙirga masa, wa zai ƙwanƙwasa wa ƙofa daren Asabar?